Aji mai tayoyi: littafin aikin ƙaramin gidan da za a iya warwarewa

3 ga Fabrairu

Yau tirelar ta iso, don haka yau na buɗe wannan littafi. Abin da muka sa a gaba ƙaramin gida ne a kan tayoyi, amma ba na kwana ba, aji ne. Za a riƙa jan sa zuwa makarantu da wuraren koyon sana'a, duk wanda ya shiga ya ga da idonsa yadda ake gini da kayan da aka taɓa amfani da su, ya kuma ga yadda ake haɗa su ta hanyar da gobe za a kwance su lafiya lau a kai wani ginin. Mu goma sha ɗaya ne: ɗalibai tara, ni, da dattijon kafinta wanda kowa ke kira Baba. Kwana uku muke aiki a mako.

Na rubuta sharuɗɗa uku a allo. Ba gam, ba kumfar cike gurbi, ba siminti. Duk abin da zai hau tirela sai ya fara hawa sikeli. Duk abin da ya hau sikeli sai an ba shi lamba an rubuta shi.

Farantin da ke manne a wuyan tirelar ya ce kilo 3,500 ne iyakarta, har da nauyin kanta. Ita kaɗai kilo 640 ce, saura 2,860 ke nan ga gida da duk abin da ke ciki. Faɗi ba zai wuce mita 2.55 ba, tsawo daga ƙasa zuwa tsinin rufi ba zai wuce mita 4 ba. Waɗannan su ne iyakokin da dokar hanya ta ƙasashen Turai da dama ta gindaya, a Amurka kuma faɗin ƙafa takwas da rabi ne, wanda kusan ɗaya ne. Tun lokacin da Jay Shafer ya gina ɗan gidansa mai tayoyi a jihar Iowa a 1999, masu wannan aiki da waɗannan lambobin suke kokawa. Ni kuwa su ne suka ja ni ga aikin. Gidan da ke zaune a ƙasa yana yafe wa magini almubazzaranci. Wanda ke kan tayoyi ba ya yafewa.

Kuɗi: kashi 40 cikin 100 na abin da muke da shi ya tafi a kan tirelar, kuma sabuwa muka saya. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ba mun ce tsohon kaya za mu yi amfani da shi ba?" Na ce haka ne, amma birki da ƙarfen da zai ɗauki tan uku a kan titi ba wurin gwaji ba ne.

6 ga Fabrairu

Zane duk rana. Ciki zai zama mita 5.7 a tsawo, 2.2 a faɗi. Mun yi magana a kan dalilin aikin: siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya, kuma a Tarayyar Turai fiye da kashi ɗaya cikin uku na dukkan shara daga gini da rusau take fitowa.

12 ga Fabrairu

Zanen mako guda ya tashi a banza, kuma kuskuren tsari ne. Mun zana tagogi huɗu masu girma ɗaya, sannan muka fita nemansu a wurin da ake rushe wani tsohon ofis. Babu ko ɗaya da ta zo daidai. Abin da muka samu: manyan tagogi biyu masu gilashi ninki biyu, wata doguwa siririya, wata ƙarama ta bayan gida, da ƙofa mai kyau wadda ta fi zanenmu faɗi da santimita 9. Wani ɗalibi ya kawo shawarar a yanke gilashin. Baba ya nuna masa ɗan tambarin da ke kusurwa: gilashin da aka gasa ne don ya yi ƙarfi, irin wannan ba ya yankuwa, da an sa masa wuƙa zai tarwatse ya zama tsakuwa.

A ginin da aka saba, zane ne gaba, kaya na biye. A nan dole a juya: a tara kaya, a auna, sannan a zana gidan a kewaye da su. Na san wannan a karatu, amma sai yau ya zauna mini. Mun baje tagogin a ƙasa a kan shacin bango da muka ja da alli, muna matsar da su har kowace ta sami gurbi tsakanin ginshiƙai. Gaban gidan ba zai yi kama da abin da muka zana ba, kuma a ganina ya fi kyau.

Taga ɗaya mun ƙi ta. Akwai hazo tsakanin gilasanta biyu, alamar bakinta ya buɗe, danshi ya shiga. Wata kuma mai firam ɗin katako fentinta ya yi kauri yana ɓarewa. Tsohon fenti yakan ƙunshi darma, kuma ƙurarsa guba ce, musamman ga yara. Tunda aji muke ginawa, mun bar ta. Haka muka bar wasu fale-falen rufi masu kama da siminti, don irinsu na da sukan ƙunshi asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da ƙurarsa ke illa ga huhu.

Gilashi yana da nauyi fiye da yadda ido ke gani: kilo 2.5 a kowace murabba'in mita ga kowace milimita ta kauri. Ninki biyu na milimita 4 ya zama kilo 20 tun ba a sa firam ba. Tagogi da ƙofa sun cinye kilo 210.

14 ga Fabrairu

Sabon zane. An kwaso katakon rufin wani tsohon sito, guda 64.

19 ga Fabrairu

Kwana uku muna cire ƙusa. Babu wanda ya taɓa gaya wa ɗaliban cewa rabin aikin tsohon katako wannan ne. Na lissafa: wajen awa 70 na hannun mutum a kan katako 64. Katakon kusan kyauta muka same shi, kuɗin mota kawai muka biya, amma da a ce lada ake biyan masu cire ƙusar, da sabo ya fi araha. Wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye wa mai koyo ba. Shi ya sa kamfanoni irin su Rotor DC da ke birnin Burasel suka mai da abin sana'a: su kwance, su tsabtace, su jera, su sayar. Amfanin da na ga an samu daga wahalar shi ne, duk wanda ya yini yana fama da lanƙwasasshiyar ƙusa ba sai an yi masa wa'azi a kan sukuru ba.

Da yamma aka yi ɓarna. Wata ƙusa da kanta ya karye ta lafe a cikin katako, injin goge katako ya ci karo da ita, wuƙaƙensa biyu suka dakushe, ɗaya ta ɓalle. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji rauni. Sababbin wuƙaƙe da ƙaramar na'urar gano ƙarfe sun ci kashi 2 cikin 100 na kasafi. Daga yau ba katakon da zai shiga inji sai na'urar ta bi ta kansa ta fuska huɗu, kuma wanda ya duba ya sa hannu da alli.

21 ga Fabrairu

Mun tantance falet, wato katakon da ake jera kaya a kai a ɗauka da inji. Na koya musu karanta tambarin da ke gefe. HT na nufin an gasa shi da zafi har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, wannan lafiya ne. MB na nufin an yi masa feshin gubar kashe ƙwari, wannan ba zai shiga ɗakin da mutane za su zauna ba. Wanda ya sha mai ko wani sinadarin da ba mu sani ba, shi ma gefe. Cikin 30, mun ɗauki 19.

26 ga Fabrairu

Daɓen ƙasa ya hau. Mun ɗaure shi da firam ɗin tirela da manyan noti masu faffaɗan wanki, ba walda, don a iya ɗaga gidan daga kan tirelar wata rana. Ƙarƙashi an rufe da tsohon kwano saboda ruwa da tsakuwar titi.

5 ga Maris

Yau aka yi muhawarar da na daɗe ina jira. Ɗaya daga cikin ɗalibai, yaro mai hannu da sauri, ya haɗa kusurwar bango da gam da ƙusoshi ina can ina auna wani abu. Da na ce a warware, sai Baba ya tsaya masa. Ya ce, "Malam, yaron nan bai yi laifi ba. Gidan nan girgiza zai sha a hanya kamar ana tankaɗe. Ƙusa tana lanƙwasa ta riƙe, sukuru kuwa karyewa yake yi." Ya ɗauko baƙin sukuru irin na silin, ya kafa shi rabi a katako, ya buge shi da guduma ta gefe. Nan take ya ɓalle. Ya yi wa ƙusa haka, ta sunkuya ba ta karye ba.

Gaskiyarsa ce a kan wannan sukurun. Baƙin an ƙera shi da tauri ne don ya huda allon silin, ba don ya ɗauki nauyi ta gefe ba. Na kawo na gini, mai kauri, wanda aka yi don haɗa ginshiƙai, muka maimaita gwajin. Ya lanƙwasa, ya riƙe. Baba ya juya shi a hannu ya ce to, wannan ya yarda da shi, amma kuɗinsa fa? Nan ma gaskiyarsa ce, ya ninka ƙusa sau da yawa. Sukurori da noti za su ci kusan kashi 9 cikin 100 na kasafinmu, abin da ban tanada ba.

Sai muka gwada warware kusurwar da aka yi wa gam. Minti 40, katako biyu suka tsage, ɗaya ya tafi tarin itacen wuta. Kusurwar da ke ɗaya gefen, mai sukuru, minti 4, kowane katako ya fita lafiya. Ban ƙara ko kalma ba, gani ya kori ji.

Na ba su labarin Walter Segal, masanin zanen gine-gine haifaffen Balin da ya yi rayuwarsa a Ingila ya rasu a 1985. A unguwar Lewisham ta Landan, daga ƙarshen shekarun 1970, mutanen da ba su taɓa riƙe zarto ba sun gina gidajen kansu da tsarinsa: firam ɗin katako da ake ɗaurewa da noti, ba jera bulo, ba yaɓe, kuma ana amfani da allunan a girman da aka sayo su ba tare da an yanka ba, don a iya sake amfani da su. Wannan na ƙarshen muka ara. Tazarar ginshiƙanmu ta bi faɗin tsofaffin allunan filawud da muka samu, mita 1.22, don mu rage yanka.

Don maganin girgizar da Baba ya ambata, za mu ɗaure filawud da sukuru duk bayan santimita 15, mu kuma ja siririn ƙarfe a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa.

7 ga Maris

Bango biyu sun tsaya.

12 ga Maris

Bango biyun sun sauka. Mun dawo bayan hutun ƙarshen mako muka tarar ginshiƙai biyar sun murɗe, gurbin babbar taga ya karkace har firam ɗin ya ƙi shiga. Ruwa ba ya tsami banza. Na'urar auna danshi ta nuna kashi 26 cikin 100 a waɗannan biyar ɗin, sauran kuma 14 zuwa 16. Ashe daga kashi na biyu na katakon suka fito, wanda ya kwana a fili ruwa ya doke shi kafin mu kwaso. Na ɗauka tsohon katako ya gama bushewa tun shekaru, ban auna ba. Katakon da danshinsa ya haura kashi 20 bai kamata a rufe shi a cikin bango ba, don ban da murɗewa, nan ne fumfuna da ruɓa suke samun wurin zama.

Abin da ya rage mana zafi shi ne awa biyu kacal aka yi an kwance bangon, ba abin da ya karye. Yaron da ya yi aikin gam shi ne ya fara faɗa, ya ce da ƙusa ce da yau sai kuka. Mun jera jiƙaƙƙun a inuwa da 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, mun maye gurbinsu da busassu. An ƙara layi a littafin kaya: danshi, da ranar da aka auna. Asara kwana biyu.

14 ga Maris

Bango huɗu a tsaye, an duba kusurwoyi da awon gicciye, sun zo daidai.

19 ga Maris

Rufi. Tsohon kwano ne mai ramukan ƙusa. Mun jera shi yadda tsofaffin ramukan za su faɗo a kan tudu, inda ruwa ba ya kwanciya, muka toshe su da sukuru mai roba. An bar tazarar santimita 4 tsakanin kwano da abin da ke ƙasansa, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama, don kwano yana yin raɓa ta ciki da dare. Tsawo daga ƙasa: mita 3.92.

26 ga Maris

Littafin kaya ya kai lamba 300. Kowane abu yana da lamba da aka buga a jikinsa, kuma a littafin akwai inda ya fito, girmansa, nauyinsa, inda yake a gidan, da abin da ake kwance shi da shi. Ɗalibai biyu mata ne ke riƙe da shi, sun kuma mai da shi kwamfuta. Tunanin ba namu ba ne. Thomas Rau, masanin gine-gine da ke aiki a Holan, yana cikin waɗanda suka yaɗa shi da sunan fasfon kaya, kuma a 2017 aka buɗe rumbun Madaster a can don rajistar kayan da ke cikin gine-gine. Hujjar mai sauƙi ce: katakon da ba a san ko mene ne ba, ba a san abin da aka shafa masa ba, juji zai tafi ko da lafiyarsa ƙalau. Mun ɗanɗana wannan da kanmu a wurin rusau, inda muka bar kaya masu kyau don kawai ba mai iya gaya mana tarihinsu.

2 ga Afrilu

Batun abin tare zafi da sanyi a cikin bango. Mun zaɓi niƙaƙƙiyar tsohuwar jarida wadda aka gauraya da gishirin boron saboda wuta da ƙwari. Ƙarfinta na tare zafi kusan ɗaya yake da na audugar gilashi, kuma ana iya zuƙe ta da inji a sake hurawa a wani bangon. Sharaɗinta a bango shi ne a cusa ta da ƙarfi, wajen kilo 55 a kowace mita kubik (mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi), in ba haka ba za ta zauna ta bar gurbi a sama. Mun yi hayar injin hurawa na kwana ɗaya. Lokaci ya ƙare saura gurbi biyu, muka cika su da hannu. Na rubuta wannan don ina da shakka a kansu.

A nan muka karya sharaɗinmu na farko. Takardar da ke hana tururin numfashi shiga bango sai an liƙe bakinta da tef, tef kuwa gam ne. Na nemi hanyar danne ta da katako kaɗai, amma a kewayen tagogi ba ta toshe iska. Mun sa tef ɗin, mun rubuta a littafi da jan biro cewa wannan ba zai sake amfani ba. Na fi son a rubuta a fili da a yi kamar ba a yi ba.

Ɗalibai sun so a yi yaɓen laka a ciki, ni ma ina so, don laka tana shan danshin ɗaki ta sake shi a hankali. Na ce su yi lissafi. Kaurin milimita 15 yana kai wajen kilo 25 a murabba'in mita, bangonmu kuwa murabba'in mita 32 ne: kilo 800. Suka yi shiru. Mun tsaya a kan allo guda na murabba'in mita ɗaya, a cikin firam ɗinsa, wanda ake cirewa a kwantar kafin tafiya.

A bango na hagu mun bar tagar leƙe: gilashi a madadin katakon ciki, daga ƙasa har sama, don baƙo ya ga kowane ninki na bangon. Da gangan muka sa ta a kan ɗaya daga cikin guraben da aka cika da hannu.

9 ga Afrilu

Katakon waje. Mun babbake fuskar allunan falet da wuta kamar yadda ake yi a Japan, inda suke kiran sa yakisugi, muka goge da buroshi. Ba fenti ke nan. Bokitin ruwa biyu a kusa, mutum ɗaya aikinsa kallon tartsatsi kawai.

11 ga Afrilu

Ci gaba da katakon waje. An gama gefe uku.

16 ga Afrilu

Wuta. Farantan sola biyu na hannu, mun gwada su a rana kafin mu karɓa. Faranti yakan rasa kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 na ƙarfinsa a shekara, don haka mai shekara goma yana da sauran aiki mai yawa. Batir sabo ne, kuma ma'aikacin lantarki mai lasisi ne ya haɗa, ɗalibai na kallo suna tambaya. Wayoyi duk a fili suke a cikin bututu a kan bango, ba a binne ko ɗaya ba, don waya takan tsufa ko a so canza ta tun ginshiƙi bai ko gaji ba. Ya zuwa yau an kashe kashi 88 cikin 100.

23 ga Afrilu

Ranar sikeli, kuma ranar ta yi mana nauyi. Littafinmu ya ce kilo 3,050. Sikelin manyan motoci ya ce 3,310. Har yanzu muna ƙasa da iyaka, amma babu benci, babu tebur, babu akwatunan samfur da za a koyar da su. Mafi muni shi ne nauyin da ke danne ƙugiyar mota: kilo 210, alhali farantin ya ce kada ya wuce 150.

Mun zauna muka bi sawun kilo 260 da suka ɓace. Sukurori da noti da ƙarafan kusurwa ba wanda ya auna su, don kowane ɗaya ba ya da nauyi a hannu, amma kwalayen da muka ƙarar sun nuna sun haura kilo 60. Katakon waje mun auna guda goma muka ninka, ashe sauran sun fi kauri. Niƙaƙƙiyar takarda ta shiga fiye da lissafi. Ragowar kuma ƙananan abubuwa ne da aka ɗora ana cewa wannan ai ba komai. Sharaɗi na biyu mun riƙe shi da kyau a watan farko, muka sake shi da aiki ya yi zafi.

Matsalar ƙugiya ta fi sauƙin ganewa. Batir, akwatin kayan aiki da babbar ƙofa duk suna gaba. Baba ya gargaɗe mu kada mu yi gaggawar tura komai baya, don tirelar da bayanta ya fi nauyi ita ce ke wutsil-wutsil a hanya har ta kifar da mota. Abu mai nauyi wurinsa a kan tayoyi ne, ƙasa-ƙasa, ya ɗan karkata gaba kaɗan.

Shiri: a mai da batir da akwati kan tayoyi, a cire katakon waje na gaba a rage masa kauri, a sauke ɗan benen ajiya da muka yi a sama.

30 ga Afrilu

An koma sikeli: 3,140, ƙugiya 120. Benen da aka sauke ya zama benci biyu, lambobinsa na nan, wurin zama kawai aka canza a littafi.

7 ga Mayu

Tafiyar gwaji, kilomita 18, ba mu wuce gudun 60 ba, da gangan muka bi wani yanki mai gargada. Ina motar baya ina kallon gidan yana rausaya, gabana na faɗuwa a kowace kwana. Ya tafi ya dawo a tsaye. Da muka buɗe ƙofa muka sami abu uku.

Tagar leƙe ta nuna gurbin santimita 4 a sama, takardar da aka cusa da hannu ta zauna. Mun buɗe ɗaya gurbin, haka. Muka buɗe biyu daga cikin na inji, ba su motsa ba. Ɗalibai sun roƙi a bar na tagar leƙe yadda yake, a rubuta bayani a gefe, don baƙi su ga abin da ke faruwa in an yi ƙwauron cusawa. Na yarda, ɗayan kuma za a sake hura shi.

Gilashin doguwar taga ya tsage daga kusurwa. Mun matse firam ɗinta a gurbi ba tare da tazara ba, da bango ya motsa sai ita ta ɗauki motsin. Sauran da muka bar wa milimita 10 a kewaye muka cusa ulun tumaki ba abin da ya same su. Ba mu da wata irinta, sai an sake nema, kuma mai yiwuwa a gyara gurbin ya dace da wadda za a samu.

Na uku, noti shida daga cikin waɗanda suka ɗaure gida da tirela sun yi sako-sako. Katako ya ƙara bushewa ya tsuke tun Fabrairu. An ɗaure, an kuma rubuta a takardar da ke manne a bayan ƙofa: kafin kowace tafiya a bi noti ɗaya bayan ɗaya.

9 ga Mayu

Mun shiga mu tara muka rufe ƙofa da tagogi, da na'urar auna iskar kabon a kan tebur. A waje tana nuna wajen kashi 420 cikin miliyan. Cikin minti 20 ta haura 2,000, ninki biyu na 1,000 da aka saba ɗauka a matsayin alamar ɗaki na bukatar iska, gilasai kuma suka fara gumi. Mun toshe gidan da kyau har ya zama ba ya numfashi. Ɗaki mai mita kubik 30 na iska ba zai ɗauki aji haka ba. Za a huda mashigar iska a ƙasa ta gaba, a sa ƙaramar fanka mai zuƙa a sama ta baya. Na'urar za ta zauna a bango dindindin, ɗalibai su riƙa karantawa.

14 ga Mayu

Fanka ta hau. Mutum tara, taga ɗaya a buɗe kaɗan, awo ya tsaya ƙasa da 1,000. An samu taga, ta fi tsohuwar gajarta da santimita 12, an cike saman da guntun allo mai lamba. Saura kashi 3 cikin 100 na kuɗi.

21 ga Mayu

Jarrabawar da aka yi ginin dominta. Mun gayyato matasa shida da ba su taɓa ganin gidan ba, muka ba su littafin kaya da injin kwance sukuru, muka ce su sauke sashe ɗaya na bangon dama har ginshiƙi, su mayar. Mu kuma aka hana mu magana. Baba ya sa hannuwansa a baya yana zagaye, na ga wahalar da shirun yake ba shi.

Awa biyu da minti 40 suka yi. Sun tsaya cak na kusan rabin awa a kan allo mai lamba 212, wanda ya ƙi fita. Akwai sukuru ɗaya a ɓoye a bayan wani siririn katako, ba ya cikin littafi, kuma ba wanda ya tuna ya sa shi. Da suka gaji suka ɓamɓare, allon ya tsage. Sukurori bakwai kansu ya cinye, duk masu kan gicciye ne da muka yi amfani da su ranar da masu kan tauraro suka ƙare. Wata yarinya daga cikinsu ta ce, "Malam, littafin ya gaya mana mene ne kowane abu, amma bai gaya mana wanne ake fara cirewa ba." Wannan ba mu taɓa tunaninsa ba, don mu da muka haɗa mun san jerin a ka.

Cikin abubuwa 41 da suka sauke, 40 sun koma wurinsu.

Aikin mako mai zuwa: a bi gidan kaf a canza duk sukuru mai kan gicciye zuwa mai tauraro, a nemo duk wanda ke ɓoye a fito da shi fili ko a yi masa alama, a ƙara shafi a littafi na jerin kwancewa ga kowane bango, da zane. Allo na 212 za a rataye shi a ciki da tsagarsa. Ranar 4 ga Yuni za a ja gidan zuwa makarantar farko, kilomita 40, kuma kafin nan sai an sake hawa sikeli da benci da akwatuna duka a ciki.